Baƙin rami da kafar tsutsa: bambancinsu a kimiyya da matsalar raɗa musu suna a Hausa

Taƙaitawa

Faransanci yana kiran wasu abubuwa biyu na ilimin sararin samaniya da kalma guda, trou noir da trou de ver, har mai karatu yakan ɗauka ƴan gida ɗaya ne. Wannan maƙala tana bayyana abin da ya raba su ta fuskar kimiyya, sa'an nan ta nuna cewa Hausa tana da kalmomi da tsarin jimla da za su riƙe wannan bambanci, muddin ba a bi fassarar kalma-da-kalma ba.

1. Gabatarwa

A garin Tasawa aka haifi Abdou Moumouni a 1929, masanin fizik wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992. A littafinsa L'éducation en Afrique, wanda ya fito a 1964, ya kare ra'ayin koyar da yaran Afirka da harsunansu. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan tambayar da ke gabanmu yanzu ta aiki ce: da waɗanne kalmomi malamin makaranta a Tasawa, ko mai shiri a gidan rediyon karkara a Mayahi, zai yi bayanin kimiyyar zamani?

Mun zaɓi misali guda domin gwaji. Tun da hoton farko na trou noir ya fito a 2019 yake yawo a wayoyin hannu, kuma tambayar da ta fi saurin zuwa bakin mai kallo ita ce: in mutum ya faɗa ciki, ina zai fito? Wannan tambaya ta haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya. Abin da ake faɗawa cikinsa daban ne, abin da ake fitowa ta ɗaya bakinsa daban ne. Za mu fara da bayanin kimiyya (sashe na 2 zuwa na 5), domin ba a raɗa wa abu suna kafin a san kamarsa, sa'an nan mu zo ga batun harshe (sashe na 6). Tun daga nan za mu riƙa cewa baƙin rami da kafar tsutsa. Hujjar wannan zaɓi tana gaba.

2. Tushe guda: sarari da lokaci suna lanƙwashewa

A watan Nuwamba 1915 Albert Einstein ya kammala nazariyyarsa game da ƙarfin jan nauyi, wadda Faransanci yake kira relativité générale. Gundarinta shi ne: sarari da lokaci saƙa guda ce, kuma duk abu mai nauyi yana lanƙwasa wannan saƙa a kewayensa. A ɗauka mutum huɗu sun miƙe zane, aka ɗora dutsen niƙa a tsakiya. Zanen zai lotsa, kuma ƙwallon da aka gangara a kansa zai karkata wajen dutsen ba tare da an ja shi da igiya ba. Haka ƙasa take kewaya rana. Misalin yana da iyaka, tun da zane tsawo da faɗi kaɗai gare shi, alhali lanƙwasar da ake magana ta shafi har gudun lokaci: agogo yana tafiya a hankali kusa da abu mai nauyi.

An gwada wannan nazariyya. Ranar 29 ga Mayu 1919, lokacin husufin rana, ayarin Arthur Eddington ya auna karkatar hasken taurari daga tsibirin Firinsife da ke mashigin tekun Gine, wani ayarin kuma ya yi awon a Sobral ta ƙasar Barazil. A yau ma agogunan taurarin ɗan Adam na GPS sai an gyara musu lissafi bisa wannan ƙa'ida kafin su nuna wuri daidai.

Wani abu guda ya kamata masu nazarin harshe su riƙe, domin mun san irinsa a fagenmu. Tsarin sautin Hausa ya yarda da haɗin gaɓoɓi masu yawa waɗanda ba wanda ya taɓa yin kalma da su. Muna bambanta kalma mai yiwuwa da kalmar da aka ji a bakin mutane. Lissafin Einstein ma haka yake: yana yarda da siffofi da yawa na sarari da lokaci, amma yardar lissafi ba ta isa shaidar samuwa ba. Baƙin rami da kafar tsutsa duka daga lissafin nan suka fito. Sai dai na farko an same shi a sama, ta biyu kuwa har yau a takarda take.

3. Baƙin rami

3.1. Kamarsa

Dutsen da aka jefa sama yana komowa, sai fa in saurinsa ya wuce wani haddi. A doron ƙasa haddin ya ɗan haura kilomita 11 a sakan guda. Gwargwadon yadda abu ya yi nauyi kuma ya dunƙule, gwargwadon yadda haddin yake ƙaruwa. Tun 1783 John Michell a Ingila, da Laplace a Faransa a 1796, suka yi tunanin tauraron da ko haske, mai gudun kilomita dubu 300 a sakan, ba zai kuɓuce masa ba. A 1916 Karl Schwarzschild, wanda yake aikin soja a rundunar Jamus a lokacin, ya fitar da amsar farko cikakkiya ta lissafin Einstein, kuma a cikinta iyakar nan ta bayyana da awonta.

Awon mai sauƙi ne: kimanin kilomita 3 daga tsakiya ga kowane nauyin rana guda. Da za a matse ƙasarmu duka, da duwatsunta da tekunanta, har ta zama baƙin rami, da faɗinta bai kai santimita 2 ba, wato ƙasa da goro guda. Wannan iyaka ita ce horizon des événements. Mu za mu ce da'irar ba-komowa. Ba bango ba ce, kuma wanda ya ƙetare ta ba zai ji ya taɓa komai ba. A kwatanta da mai iyo a Gulbin Maraɗi lokacin da ruwa ya cika da damina: matuƙar ƙarfin hannunsa ya fi gudun ruwa, yana iya komowa baya, da ya kai inda gudun ruwa ya fi ƙarfinsa, ko da ya juya fuskarsa baya gaba yake tafiya. A cikin da'irar ba-komowa duk hanyoyi ciki suke nufa, har da hanyar haske. Can ciki lissafin Einstein yana kaiwa ga wani matsayi inda lambobinsa suke rasa iyaka, singularité, wanda za mu kira maƙura.

Irin wannan abu yana samuwa ne idan tauraro mai girman gaske, wanda ya ninka rana nauyi sau ashirin ko fiye, ya ƙare makamashinsa, cikinsa ya rufta. Oppenheimer da Snyder sun lissafta ruftawar a 1939, Roger Penrose kuma ya nuna a 1965 cewa ba sai tauraron ya zama dunƙulalle sumul ba kafin hakan ta faru. Ranarmu ba ta da nauyin da zai kai ta ga haka. Kuma baƙin rami ba ya zuƙe duk abin da ke sama kamar yadda ake zato: da za a musanya rana da baƙin rami mai nauyinta daidai, da ƙasa ta ci gaba da kewayarta yadda ta saba, sai dai cikin duhu da sanyi.

3.2. Shaidun samuwarsa

Abin da ba ya fitar da haske ana gane shi ta aikinsa a kan maƙwabtansa. Shaidu huɗu sun isa a nan.

(a) Cygnus X-1. An gano wannan tushen hasken X a 1964, kuma a farkon shekarun 1970 aka fahimci cewa wani abu da ba a gani yana jan iskar wani babban tauraro, iskar tana zafi tana haskawa kafin ta shige. Awon 2021 ya ba shi nauyin rana kimanin 21. Faɗin da'irarsa, bisa awon da muka bayar, bai fi kimanin tazarar Maraɗi zuwa Tasawa a kan hanyar mota ba.

(b) Tsakiyar garken taurarinmu. Farin zirin nan da ake gani ya ratsa sama da dare, in an fita bayan gari da damina aka dubi kudu, shi ne garken taurarin da rana take ciki. Ayarin Reinhard Genzel da na Andrea Ghez sun bi taurarin da ke tsakiyarsa tun shekarun 1990. Ɗaya daga ciki, S2, yana kewaya wani abu marar haske cikin shekara 16. Nauyin abin ya kai na rana miliyan 4. Su biyun da Penrose suka sami kyautar Nobel a 2020.

(c) Girgizar sarari. Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka kama girgizar da ta taso daga haɗewar baƙaƙen ramuka biyu, ɗaya mai nauyin rana kimanin 36, ɗaya 29. Abin da suka zama yana da nauyin rana 62; sauran ukun sun tafi cikin girgizar.

(d) Hoto. Ranar 10 ga Afrilu 2019 aka nuna hoton inuwar baƙin ramin da ke tsakiyar garken M87, mai nauyin rana miliyar 6 da rabi, wanda haskensa ya yi shekara miliyan 55 a hanya. Na tsakiyar garkenmu ya biyo baya ranar 12 ga Mayu 2022. Zoben da ake gani a hoton hasken iska mai zafi ne da ke kewaye. Duhun tsakiya shi ne inuwar.

4. Kafar tsutsa

A shimfiɗa tabarmar kaba, irin wadda ake saƙawa a ƙauyukan Gulbin Kaba, a sa tururuwa a wannan gefe. Kafin ta kai wancan gefe sai ta taka tsawon tabarmar duka. In aka ninka tabarmar, gefe ya hau kan gefe, aka soka basilla ta ratsa su biyun, tururuwa ta sami gajeriyar hanya. Wannan ita ce kafar tsutsa: mashigi mai baki biyu da maƙogwaro a tsakani, wanda yake haɗa wurare biyu masu nisa, ta yadda tafiya ta cikinsa ta fi ta waje gajarta. Mai bin ta bai wuce haske gudu ba. Hanya ce ta ragu.

Tarihinta a haɗe yake da na baƙin rami, kuma a nan ruɗanin ya samo asali. A 1916 Ludwig Flamm a Biyana ya nazarci siffar sararin da ke cikin amsar Schwarzschild. A 1935 Einstein da Nathan Rosen suka nuna cewa ana iya karanta amsar a matsayin gada tsakanin shimfiɗu biyu na sarari. Shi ya sa ake cewa gadar Einstein da Rosen. John Wheeler, wanda ya yayata sunan baƙin rami a 1967, shi ne kuma ya kawo kwatancen tsutsa a 1957. Amma a 1962 shi da Robert Fuller suka nuna cewa maƙogwaron wannan gada yana buɗewa ya tsuke da saurin da ko haske ba zai sami ƙetarewa ba. Ƙari a kan haka, gadar tana fitowa ne a lissafin baƙin rami na ƙa'ida wanda ba shi da farko. Wanda ya samu daga ruftawar tauraro ba shi da ita, tun da jikin tauraron ne ya cike wurin da lissafi ya sa ɗaya gefen.

A 1988 Michael Morris da Kip Thorne suka juya tambayar: me ake bukata domin maƙogwaron ya tsaya a buɗe har mutum ya wuce? Amsar da suka samu ita ce sai an tokare shi da wani irin abu mai makamashi ƙasa da sifiri, wanda yake turewa a inda abin da muka sani yake jawowa. Faransanci yana ce masa matière exotique. Kimiyyar ƙananan ƙwayoyin halitta ta yarda da ɗan abu mai kama da haka a ƙanƙanin wuri, kamar tsakanin faranti biyu na ƙarfe da ke daf da juna, abin da Hendrik Casimir ya lissafta a 1948. Tsakanin wannan da abin da zai riƙe ƙofar da mutum zai shiga akwai tazara mai girman gaske. Har yau ba na'urar da ta ga kafar tsutsa, ba girgizar da aka tabbatar daga gare ta take.

5. Inda suka rabu

Ana iya tattara bambancin a fuskoki huɗu. Ta fuskar siffa, baƙin rami mashiga gare shi ba mafita, kafar tsutsa baki biyu gare ta. Ta fuskar iyaka, da'irar ba-komowa ita ce ainihin baƙin rami, alhali kafar da za a iya bi dole ta rasa irin wannan da'ira, in ba haka ba wanda ya shiga ba zai fita ba. Ta fuskar abin gini, baƙin rami yana samuwa daga abin da taurari suka ƙunsa, kuma nauyi kaɗai ya isa ya gina shi. Kafar tsutsa tana bukatar abin da zai yi gaba da nauyi. Ta fuskar shaida, na farko an auna shi ta hanyoyi daban-daban da suka gaskata juna, ta biyu kuwa tana matsayin kalmar da masu nazarin tarihin harshe suke sa wa alamar tauraro a gaba: tsari ya yarda da ita, amma ba a same ta a bakin kowa ba.

6. Batun suna

6.1. Rami da kafa

Kalmar trou tana ɗaukar ma'anoni biyu: abin da aka haƙa mai gindi, da abin da ya ratsa ya fita. Hausa ta raba su. Rami yana da baki da ƙarshe: ramin shuka, ramin hanya, kuma karin magana ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Kafa kuwa mashigi ce: kafar allura, kafar hanci, kafar da ruwa yake bi ya fita. Faɗaɗar ma'anarta ma wannan hanya ta bi, tun da muna cewa ya sami kafa, muna cewa kafofin watsa labarai. Wanda ya fassara trou de ver da ramin tsutsa ya shigo da ruɗanin Faransanci cikin harshen da ba shi da shi. Saboda haka muke ba da shawarar baƙin rami ga na farko, kafar tsutsa ga ta biyu.

Za a iya cewa ramin gafiya ma yakan yi baki biyu. Gaskiya ne, amma shi ya sa mai magana yakan ƙara bayani ya ce ramin yana da mafita. Ma'anar da kalmar take kawowa ita kaɗai ta abu mai gindi ce. Za a iya cewa kuma rijiya ta fi dacewa, tun da mutanen jigawar Mayahi sun san rijiya mai gaba da yawa wadda ba a hango ruwanta. Sai dai rijiya tafe take da guga da igiya, wato da tunanin jawo abu waje, wanda shi ne abin da baƙin rami ya hana. Illar da ta rage ga rami ita ce yana sa a zaci baki shimfiɗaɗɗe da gindi a ƙasa, alhali da'irar ba-komowa dunƙulalliya ce kamar ƙwallo, ana faɗa mata ta kowace fuska. Wannan aikin malami ne ya faɗa a aji.

6.2. Ƙugiya

Sunayen biyu sun rataya a kan ƙa'idar rubutu. Baƙi yana da gajeren wasali a gaɓar farko da karin sama-sama. Baki yana da dogon wasali da karin ƙasa-sama. A magana ba mai haɗa su. A rubutun yau da kullum, inda ba a nuna karin sauti ko tsawon wasali, ƙugiya ce kaɗai ta raba baƙin rami da bakin rami, kuma na biyun yana nufin gefen rami, wato kusan abin da muka kira da'irar ba-komowa. Jimla irin "haske ba ya fita daga bakin rami" tana karantuwa ta hanya biyu a wayar da ba ta da ƙ. A ɗaya sunan haɗarin a juye yake: mai gyaran rubutu da ya ƙara ƙugiya inda babu ita zai mayar da kafar tsutsa ƙafar tsutsa. A rubutun kimiyya ƙugiya ba ado ba ce.

6.3. Tsarin jimla

Bambancin shaida ya kamata ya fito a nahawu. Ga baƙin rami, shuɗaɗɗen lokaci ya dace: an gano, an auna, an ɗauki hoto. Ga kafar tsutsa, inda Faransanci yake amfani da conditionnel, Hausa tana da tsarin da … da: da akwai ta, da ta gajarta hanya. Tana kuma da wai ga maganar da mai faɗi bai ɗauki nauyinta ba. A ƙarshen 2022 wasu jaridu sun ba da labarin cewa an ƙirƙiri kafar tsutsa a wata kwamfuta ta kamfanin Google. Abin da aka yi kwaikwayon lissafinta ne a na'ura, ba a huda sarari ba. Mai fassara irin wannan labari ga rediyo, in ya zubar da da ko wai, ya mayar da hasashe labari.

6.4. Kalmomin da muke ba da shawara

trou noir: baƙin rami
trou de ver: kafar tsutsa
espace-temps: saƙar sarari da lokaci
gravitation: ƙarfin jan nauyi
horizon des événements: da'irar ba-komowa
singularité: maƙura
gorge: maƙogwaro
galaxie: garken taurari

Mun guji maganaɗisu ga gravitation, ko da yake ana jin sa a wasu shirye-shirye, domin maganaɗisu ƙarfe yake ja, kuma wani ƙarfi ne daban a fizik. Ɗalibin da ya koyi kalma guda ga su biyun zai sha wuya a ajin gaba. Kalmar nauyi kuma ta ɗauki masse da poids duka a wannan maƙala. Raba su yana bukatar nazari na kansa.

7. Kammalawa

Amsar tambayar da muka ambata a gabatarwa ita ce: wanda ya faɗa baƙin rami ba ya fitowa ko'ina, bisa abin da lissafi da awo suka nuna, abin da ake fitowa ta cikinsa kafar tsutsa ce, kuma ita ba a gan ta ba. Hausa tana iya faɗin wannan a sunayen kansu, in an zaɓi rami ga ɗaya, kafa ga ɗaya. Kalmomin da ke sashe na 6.4 shawara ce, kuma ba a ofis ake tabbatar da kalma ba. Mataki na gaba shi ne a gwada su tare da malaman fizik na makarantun sakandare a Tasawa da Mayahi: a karanta wa ɗalibai bayanin da Hausa, a nemi su zana abin da suka fahimta, a ga ko zanen baƙin rami ya fito da baki ɗaya, na kafar tsutsa da baki biyu.